Sojan haya da kartarsu

Ku matso kusa da rediyo. Yau za mu tafi nesa, ƙasar Jamus, mu koma baya fiye da shekara 500.

Wajen shekara ta 1487 wani sarki, Makisimiliyan, ya tara soja masu yaƙi a ƙasa. Ana ce musu Lanskinet, watau barorin ƙasa. Sojan haya ne. Wanda duk ya biya, shi suke yi ma yaƙi. Makaminsu dogon mashi ne, mita 4 ko 5. Albashinsu gulda 4 ga wata; gulda sunan kuɗinsu ne. Wanda ya yarda ya tsaya sahun gaba, inda mutuwa ta fi kusa, a ba shi 8.

A 1525, a yaƙin Pabiya cikin Italiya, wasunsu na bayan sarkin Faransa, wasu na bayan abokin gabansa. Ƴan ƙasa ɗaya sunka soki juna don kuɗi. In kuwa ba a biya su ba, sai abin da Allah ya yi. A 1527 anka daɗe ba a ba su albashi ba. Sunka faɗa ma birnin Roma, sunka washe shi. Paparoma da kansa sai da ya gudu ya ɓuya cikin ganuwa.

To, ina kuɗin nan ke zuwa? Da yawa caca ke cinye su. In babu yaƙi, sai su zauna cikin sansani, su mai da bayan ganga tebur. Yau babu sojan nan, amma wani wasan karta ya gaji sunansu. Faransawa na ce mishi lanskine, kuma sun yi shi ƙwarai zamanin sarki Luwi na 14.

Ga yadda ake yin mai sauƙin. Mai rabo ya aje karta guda gabansa. Ya aje wata gaban sauran ƴan wasa. Kowa ya zuba kuɗi. Sai ya riƙa buɗe karta ɗaya ɗaya. In irin tashi ta fara fitowa, ya kwashe. In irin tasu ce, ya biya su. Babu wayo, babu gwaninta. Yaro ma sai ya iya.

Kun ji kamar adalci ne, ko? Ni ma haka na zata, sai da na ɗauki alli. Akwai doka guda ƙarama: in karta biyu na farko sunka zo iri ɗaya, misali bakwai da bakwai, mai rabo ya ci ke nan, ba a buɗe kome ba.

Mu yi lissafi tare. Karta 52 ce. An aje guda, saura 51. Cikin 51 ɗin nan, 3 ne irin wadda anka aje. Ke nan a kan yi zaton sau 1 cikin 17 mai rabo zai kwashe kuɗin mutane a banza. Wasa ɗaya ba ya nuna haka. Amma sojan da ya kwana yana zubawa, da safe aljihunsa zai faɗa mishi.

Ku ɗauki allo, ku rubuta 51, ku raba da 3. Gobe ku nuna ma malaminku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.