Jawabi a Kan Kintsa Gida Kafin Damina

Ya ku malamai da almajiran Kongo, maganata yau a kan tarkacen da muke tarawa ce.

Ku sani, gwangwani da fasasshen tulu in sun tara ruwa, cikin kamar kwana 10 sauro ya tashi. Tsummokin da aka jibge a lungu kuwa gidan ɓera ne, mai kawo zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a ƙasar Barno a 1969.

To, ga shawarata. Kafin ruwa ya sauka, ku kasa kayanku uku: na amfani, na sadaka, na zubarwa. Rigar da ta shekara biyu a adaka, maƙwabci ya fi asu bukatarta. Hatsi a rufe shi. Littattafan gado a sa su a gafaka, a ɗaga su daga ƙasa saboda gara. Takarda mai sunan Allah kada ta shiga juji. Wanda ya kasa tsare rubutun kakanni, Gidan Arewa na Kaduna yana adana irinsa.

Allah ya sa mu dace. Haza wasalam.