Yawon Buɗe Ido a Kan Duwatsu: Inda Za a Je da Yadda Za a Je

  

Ya ku 'yan'uwa Musulmi na Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, wasu matasa sun yi tambaya: shin ya halatta mutum ya yi guzuri ya tafi wani gari don kawai ya ga duwatsu, ya sha iska? Amsa ita ce ya halatta, matuƙar tafiyar ba ta ƙunshi saɓo ba. Allah (SWT) da kansa ya ja hankalinmu a cikin Suratul Gashiya zuwa ga duban yadda aka kafa duwatsu. Abin da malamai suka hana shi ne a nufi wani dutse domin neman albarka ko yin yanka. Dutsen Dala na Kano misali ne. A can Barbushe yake jagorantar bautar Tsumburbura kafin Musulunci ya kafu, yau kuwa mutum zai bi matakala ya hau cikin 'yan mintuna, ya hangi birni ta kowace kusurwa, ya sauko ba laifi a kansa.

To amma mu nan akwai abin da ya riga wannan tambaya, wato kare rai. Ƙasarmu ƙasar duwatsu ce. Wanda ya bi titin Funtuwa zuwa Gusau ta Sheme da 'Yankara da Tsafe ya san yadda dutsen Kwatarkwashi yake cika ido. Sai dai dazuzzuka da duwatsun wannan yanki su ne 'yan bindiga suka mayar mafaka. Ba mu manta da harin Kadisau a watan Yuni na 2020 ba, ko sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara sama da 300 a watan Disamba na wannan shekara. An yi zaman sulhu a 2025, muna roƙon Allah ya kawo zaman lafiya mai ɗorewa, amma kada wani ya kwashi yara ya nufi bayan dutse da sunan shaƙatawa ba tare da ya tambayi mutanen wurin da jami'an tsaro ba. Kallo mubahi ne, tsare rai wajibi ne, kuma ba a sayar da wajibi a sayi mubahi.

Mai ƙaramin ƙarfi, Dala ta ishe shi, ko Kufena a gefen Zariya. Wanda ya ɗan fi haka sai ya nufi Jos, wadda ke kimanin mita 1,200 sama da teku, ga duwatsun Shere a gabashinta. Can ma a tambayi masu gari kafin a fita ƙauyuka.

Amma in ana maganar wurin hutu na kan tsauni a ƙasar nan, a ganina babu kamar Mambila a Jihar Taraba. Mota ce ke yin aikin hawan. Daga Mayo Selbe titi yake nannaɗewa a jikin dutse har a fito sarari, kimanin mita 1,600 sama da teku. Da an kai sama sai a tarar da tuddai masu laushi lulluɓe da ciyawa, shanu na kiwo, ga gonakin shayi a Kakara. Dattijo ma zai iya taka sayyadarsa a hankali da hantsi, bayan hazo ya washe, ba sai ya yi haki ba. A Gembu da Nguroje akwai Musulmi da yawa da masallatai, ana jin Hausa da Fulatanci, saboda haka abinci da wurin salla ba za su zama damuwa ba. Shi kuwa Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419, a bar wa masu ƙarfi da ɗan jagora, wannan ba yawon iyali ba ne.

Sai maganar salla, inda da yawa suke sakaci. Tafiyar da ta kai mil 48, wato kimanin kilomita 80, ana yin ƙasaru a cikinta: Azahar da La'asar da Isha'i raka'a biyu-biyu. A mazhabar Malikiyya tafiyar halal kowace iri ce tana ba da wannan sauƙi, ko da yake malamanta sun karhanta ƙasaru ga wanda tafiyarsa wasa ce zalla. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Gembu, sai ya cika sallarsa tun daga isarsa. Sanyin Mambila kuma ba irin hunturunmu ba ne, ruwan asuba yana daskarar da hannu. Wannan bai zama uzurin taimama ba muddin akwai halin ɗumama ruwa, sai ga wanda yake tsoron cuta. A tafi da rigar sanyi da bargo ko da a watan Afrilu ne, lokacin da mu nan muke kwana a tsakar gida, kuma a tsara tafiya yadda za a hau dutsen da rana, domin hazon dare yana rufe titi.