Ɗakunan haya masu kaya: a yi lissafi kafin a sayi katifa

Jawabin magatakardan ƙungiya a taron cika shekara

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa da kuka taso daga Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, Madarumfa da nan cikin Maraɗi, barkanku da zuwa. Kwamitin shirya taro ne ya ba ni wannan aiki, saboda a bana tambayar da ta fi yawa a ofishinmu, bayan ta takardun duwan, ita ce ta ɗakunan haya masu kaya. Ina nufin ɗakin da mutum zai zuba wa gado, katifa, fanka, firij da kayan girki, baƙo ya zo da jakarsa kawai ya zauna kwana uku, mako biyu ko wata shida. Da yawa daga cikinmu suna so su juya wani ɓangare na jarinsu zuwa wannan harka. Abin da zan faɗa ɗaya ne: ɗakin nan haja ce kamar kowace haja, kuma da darare ake ƙirga cinikinsa. Daren da ya wuce babu kowa a ciki ya tafi ke nan, ba a ajiye shi a sayar gobe kamar buhun wake.

Saukar da baƙo tsohuwar sana'ar Bahaushe ce. A zamanin fataucin goro da shanu, falke yana isa Salaga ko zangon Kumasi ko unguwar Sabo ta Ibadan, gidan maigidansa yake nufa. Maigida zai ba shi wurin kwana, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an sayi kayan bashi. Ba kuɗin ɗaki ne ke riƙe da maigida ba, la'adar ciniki ce. Yau abin ya sauya. Ɗan kasuwa yana da wayarsa, ya san mai sayen kayansa tun kafin ya taso, don haka ɗakin ne kaɗai zai ciyar da kansa. Abin da ya rage mana daga iyayenmu shi ne amana, kuma ita ce ta sa ɗan'uwa zai fi son ɗakinka a kan otal.

Bari mu yi lissafi. Alƙaluman da zan kawo misali ne kawai, kowa ya sa na unguwarsa. A ce kana da ɗaki da falo wanda idan ka ba da shi haya babu komai a ciki za ka samu jaka 30 a wata. Ka kashe jaka 600, wato sefa 600,000, ka zuba kaya. Kayan nan ba sa dawwama. A ce bayan shekara uku sai an sake su, to kowane wata suna cin kusan jaka 17. Wuta da ruwa jaka 25. Mai shara da wankin zanen gado jaka 20. Ƙananan gyare-gyare, famfo, kwan fitila, makulli, jaka 10. Ka haɗa da jaka 30 ɗin da ka haƙura da ita, ya zama jaka 102 a wata. Idan kana karɓar jaka 10 a dare, sai ɗakin ya kwana da mutum dare 11 kafin ka kamo wanda ya ba da nasa haya babu kaya ya koma shagonsa. Dare 15 zai bar maka ribar jaka 48. Dare shida kuwa jaka 60 ce kawai, ka ga an ci daga aljihunka. Don haka tambayar farko ita ce: dare nawa nake da tabbacin cikawa a watan da kasuwa ta mutu?

Kuma mun san kasuwa tana mutuwa, don mun gani. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. An buɗe Illela da Maigatari a Disamban 2020, amma Jibiya sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya sake rufe hanya, kuma ba a buɗe tsakanin ƙasashen biyu ba sai a Maris na 2024. A cikin shekaru biyar ke nan an rufe mana hanya sau biyu, kowane karo na tsawon watanni. Wanda duk baƙinsa masu tsallaka iyaka ne, shagonsa da ɗakinsa rana ɗaya za su tsaya. Mutum yana zuba kuɗi a gida ne don ya samu abin dogaro ranar da fatauci ya yi rauni. Idan gidan ma a kan iyakar ya rataya, bai raba ƙafa ba.

Maganin wannan shi ne hayar matsakaicin lokaci, daga wata ɗaya zuwa shida. Akwai masu buƙatarta waɗanda babu ruwansu da duwan: ma'aikacin da aka yi wa sauyin wurin aiki bai kawo iyali ba tukuna, malamai da masu bincike da ke zuwa Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Ƙulodo, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, masu jinyar ɗan'uwa a asibiti, 'yan kwangilar hanya da gini. Mu koma kan misalinmu. A ce ka ba irin wannan mutum ɗakin a jaka 100 a wata, shi ke biyan wutarsa da ruwansa, shi ke sharar ɗakinsa. Abin da ke kanka ya sauko zuwa jaka 57, ribarka jaka 43. Ta yi kusa da ta dare 15, ga shi ba ka wanke zanen gado sau goma ba, ba a tashe ka da tsakar dare don makulli ba. Shawarata ga mai ɗakuna huɗu: biyu ko uku ga masu watanni, sauran ga masu kwanaki. Masu kwanakin suna da lokutansu, kamar gabanin Layya da ake hada-hadar dabbobi, da bayan girbi da ake sayen wake, riɗi da aya. A waɗannan makonni farashin dare yana iya hawa. Masu watanni su ne za su riƙe gidan a sauran shekara.

Wasu suna ce mini jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai cika gari da baƙi. Allah Ya sa. Amma kada kowa ya ci bashi a kan jirgin da bai iso ba. A yi lissafi da baƙin da ake gani yau.

Sai maganar kuɗin da za a karɓa. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, kun ga yadda canji yake sauyawa tsakanin safe da yamma, alhali sefa tana ɗaure da yuro. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ka yanke farashi da kuɗin da kake biyan wuta, ruwa da ma'aikaci. Gida a Maraɗi, sefa. Gida a Katsina, naira. Idan baƙo ya zo da ɗaya kuɗin, a karɓa a kan canjin ranar, a rubuta a rasit. Wanda ya yi yarjejeniyar wata shida da kuɗin da ba shi yake kashewa ba, ya shiga sana'ar canji bai sani ba.

Wajen sayen kaya, abin da ke dawo da baƙo shi ne ruwa, wuta da tsabta. Lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a Agustan 2023, kowa ya ga darajar ɗakin da fankarsa ke juyawa da sola. Tankin ruwa, faranti da batirin da za su ɗauki fanka, fitila da cajin waya, katifa mai kyau da rigar da ke hana ta jiƙewa, zanen gado kala ɗaya har saiti uku, ƙofa mai ƙarfi: waɗannan su ne gaba. Babbar talabijin da kujerun alfarma su jira. A sayi abin da kafinta ko mai gyaran unguwa zai iya gyarawa. Hajiyoyinmu masu fatauci kuma suna yawan kukan rashin masaukin da ya dace da su. Wanda ya ware sashe mai ƙofarsa da banɗakinsa daban, da mace mai kula da shi, ba zai rasa masu zuwa ba.

Yanzu gudanarwa, inda ribar takan zube. Na farko, takarda. Ko kwana biyu ne, a rubuta suna, lambar katin shaida, lambar waya, ranar shiga da ranar fita. Ga masu watanni, a yi yarjejeniya a rubuce, da jerin duk abin da ke cikin ɗakin tun daga firij har cokali, a ɗauki hoto ranar shiga, a karɓi kuɗin ajiya da za a mayar idan komai ya cika. Kafin ka buɗe, ka je wurin mai unguwa, ofishin 'yan sanda da ma'aikatar magajin gari ka ji abin da ake buƙata na rajistar baƙi da haraji, ka bi shi. A halin tsaron da yankinmu ke ciki, wanda ya kwantar da mutumin da bai san ko wane ne ba, shi za a fara tambaya.

Na biyu, ɗakin kwana daban, sito daban. A rubuta ƙarara cewa ba a ajiye jarkokin mai a ciki, ba a ajiye kayan da ba su da takarda. Gobara ɗaya ta isa ta cinye ginin da kayan, kuma idan aka kama haramtaccen kaya, a gidanka aka kama shi.

Na uku, mai kula da gida. Yawancinmu muna kan hanya, wani muke bar wa makulli. A yanka masa albashi sananne, a ƙara masa wani abu a kan kowane daren da aka cika, don cikar ɗakin ta zama ribarsa shi ma. Kuɗi kuma su zo hannunka kai tsaye ta waya ko ta kamfanin aika kuɗi, rasit ya zama mai lamba a jere. Haka zai kare ka, ya kare shi daga zargi.

Na huɗu, wanda ya fi wuya, kunya. Aboki zai zo, ɗan maigidanka na dā zai zo, suruki zai zo, kuma ba ka iya buɗe baki ka ce ya biya. Karamci halinmu ne, ba na cewa a bar shi. Amma a ƙayyade masa wuri. Ka sauke su a gidanka, ko ka ware darare sanannu a shekara ka rubuta su a littafi a matsayin kyauta. Kyautar da aka rubuta mai ita ya san girmanta. Wadda ba a rubuta ba ita ce ke sa mutum ya wayi gari yana cewa harkar ba ta da riba.

Game da jari, ina roƙon matasanmu musamman: kada a cire kuɗin da ake juyawa a saro kaya a mayar da su katifa. Kuɗin fatauci yana dawowa cikin makonni, na ɗaki sai shekaru. A fara da ɗaki ɗaya daga riba ko daga kwasar adashi, a riƙe littafinsa shekara guda cur, damina da rani, sannan a yanke shawarar ƙarawa. A kuma ajiye kuɗin da zai riƙe gidan wata uku ko da babu baƙo ko ɗaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai karɓi gidan wani haya ya zuba kaya ya riƙa saukar da baƙi, ya samu yardar mai gidan a rubuce tun farko.

Ina miƙa wa wannan taro shawarwari uku don a tattauna. A buɗe littafi a ofishin ƙungiya na membobin da ke da irin waɗannan ɗakuna a kowane ɓangare na iyaka, domin mai tafiya ya kira kafin ya taso. A shirya takardar yarjejeniya guda ɗaya da Hausa, Faransanci da Ingilishi wadda kowa zai iya karɓa a ofis. A kuma ɗora wa kwamitin sulhu sauraren saɓani tsakanin mai ɗaki da baƙo idan dukansu namu ne, kafin magana ta kai gaban hukuma. Idan taro ya amince, ofishina a shirye yake ya fara karɓar sunaye daga mako mai zuwa. Duk mai son mu zauna mu sa alƙaluman unguwarsa a lissafin nan, ya same ni bayan an tashi.

Allah Ya bar zumunci, Ya sa albarka a nema, Ya mayar da kowa gida lafiya.