An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Gardamar Zaɓen 2023 da Rabon Garinmu

Jawabin Uban Ƙungiya a wajen taron shekara-shekara



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan ilimi, kamar yadda aka saba ɗora wa tsofaffin malaman makaranta. Na roƙi alfarma a bar ni in karkata zuwa wani batu, domin akwai abin da ke cin ƙungiyar nan ta ciki kamar gara, wanda idan ba a yi maganinsa ba, ko aji ɗaya ba za mu sake ginawa tare ba. Abin da nake nufi shi ne gardamar da 'ya'yan garin nan suke ta tafkawa tun bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2023, a majalisu da kuma ta wayoyin hannu, a kan wane ne ya jawo mana tsadar rayuwa. Maganar ta kai wasu sun daina biyan kuɗin wata, wasu sun ƙaurace wa taron reshe, saboda kawai ma'aji ko sakatare ya yi jam'iyyar da ba tasu ba.

Bari mu fara da lissafi, tunda shi na fi daɗewa ina koyarwa. An yi zaɓen ne ranar 25 ga Fabrairu, 2023. Hukumar zaɓe ta INEC ta bayyana cewa Bola Ahmed Tinubu na APC ya sami ƙuri'a 8,794,726, Atiku Abubakar na PDP ya sami 6,984,520, Peter Obi na LP ya sami 6,101,533, shi kuma Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya sami 1,496,687. Atiku da Obi sun garzaya kotu, ranar 26 ga Oktoban shekarar Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Tinubu kujerarsa. Arewa kuwa ba da baki ɗaya ta yi magana ba: Kano ta bi Kwankwaso, Katsina da Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Bauci suka bi Atiku, Jigawa da Zamfara da Neja da Borno suka bi Tinubu. Amma adadin da ba na jin masu gardama suna ambata shi ne wannan: mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka fito kuwa ba su wuce kashi 27 cikin ɗari ba. Na san an yi zaɓen cikin wahalar canjin kuɗi, lokacin da mutum ke da dukiya a banki amma ba shi da na mota. Duk da haka, da za a ce duk wanda bai dangwala ƙuri'a ba ya yi shiru, da gardamar nan ta ragu ƙwarai.

Abin da ya biyo baya kowa ya ji a jikinsa. Ranar 29 ga Mayu, 2023, a cikin jawabinsa na karɓar mulki, sabon shugaban ya sanar da cewa tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a garuruwanmu cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a watan Yuli, sannan ta zarce naira 1,000 a watan Oktoban 2024. Mako biyu da cire tallafin, Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa ragamar naira. Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Hauhawar farashi, wadda ke kan kashi 22 da ɗoriya a watan Mayun 2023, ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024. Mu na Arewa sai aka ƙara mana da wata: bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar a watan Yulin 2023 aka rufe iyaka, kasuwanci ya tsaya cik a Jibiya da Illela da Maigatari, ba a ba da umarnin buɗewa daga ɓangarenmu ba sai a watan Maris na 2024.

Ga wani ɗan lissafin doka da za ku iya ba yaranku a gida. Mafi ƙarancin albashi kafin zaɓe naira 30,000 ne, wanda zai sayi litar fetur 150 da 'yan kai. A watan Yulin 2024 aka mai da shi 70,000, amma da lita ta haura 1,000, ko lita 70 ba zai saya ba. An ninka albashi fiye da sau biyu, abin da yake saye ya ragu da fiye da rabi. Wannan shi ya sa ɗanku da ke aiki a Abuja, wanda a da yake aiko da kuɗin taki kowace damina, ya koma kashe waya. Ba rashin zumunci ba ne, iyayenmu, a yi masa uzuri.

To yanzu mu zo kan gardamar kanta. Masu cewa "ku kuka jawo mana" sun manta, ko kuwa ba su taɓa sani ba, cewa manyan 'yan takara uku, Tinubu da Atiku da Obi, kowannensu ya yi alkawarin cire tallafin nan tun a wajen yaƙin neman zaɓe. Kasafin kuɗin 2023 da gwamnatin Muhammadu Buhari ta bari ma bai tanadi kuɗin tallafi ba sai zuwa watan Yuni. A shekarar 2022 kaɗai tallafin ya lashe sama da naira tiriliyan 4, kuma mu da ke kusa da iyaka ba sai an gaya mana inda wani kaso na man yake bi da daddare ba. Saboda haka wanda ya zaɓi lema ba shi da hujjar zagin wanda ya zaɓi tsintsiya a kan wannan batu.

Su kuma masu kare gwamnati, waɗanda kullum amsarsu ita ce a yi haƙuri magani ne mai ɗaci, ina ganin su ma sun yi wa gaskiya gajeren wando. Likitan kirki ba ya yi wa majiyyaci fiɗa biyu a mako biyu ba tare da ya tanadi jini ba. An cire tallafi, an karya naira, ba a riga an shirya motocin sufuri masu rahusa ko ƙarin albashi ba, ƙarin bai zo ba sai bayan fiye da shekara guda. Ana cikin cewa talaka ya ɗaure ciki aka sayo sabon jirgin saman shugaban ƙasa a 2024. A watan Agustan wannan shekarar matasa suka fito zanga-zangar yunwa, aka yi asarar rayuka da dukiya, har aka sa dokar hana fita a Kano da wasu jihohi. Sai kuma abin ya juyo kan manomi: a 2025 farashin hatsi ya faɗi, mazauna birni suka ɗan numfasa, amma taki bai sauko ba, manomin masara da shinkafa ya sayar da amfaninsa bai mai da kuɗin da ya kashe ba. Ku da ke murnar arahar buhu a birni, ku tuna gumin wanku ne na gida.

Tambayar da nake so ƙungiyar nan ta riƙe ita ce, kuɗin da aka daina biya a tallafi, ina suka nufa? Ba ɓacewa suka yi ba. Kowane wata gwamnatocin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi suna zama a Abuja su raba abin da ya shiga asusun tarayya. Daga Fabrairu zuwa Mayun 2023 abin da ake rabawa a wata bai kai naira biliyan 800 ba. A 2024 ya wuce tiriliyan 1, a wasu watannin 2025 har ya haura tiriliyan 2. Gaskiya ne nairar ta rage daraja, kuma dole a sa wannan a ma'auni, amma duk da haka ƙari ne ba ƙarami ba. A tsarin rabon, ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin ɗari, kuma tamu tana cikinsu. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba, ko da yake aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa.

Yanzu ku tambayi kanku. Kun shigo gari jiya ta hanyar kasuwa, kun ga yadda take. Makarantar firamaren da da yawanku kuka yi a hannuna, akwai azuzuwan da idan hadari ya taso sai a sallami yara. Asibitinmu mace mai naƙuda sai mijinta ya zo da fitila. A cikinmu akwai akantoci da lauyoyi da injiniyoyi da manyan ma'aikatan banki, amma ban ji wanda ya taɓa kawo wa taron nan takardar da ke nuna nawa ƙaramar hukumarmu ta karɓa a bara ba, alhali Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa wannan rabo, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Mutum zai kwana yana musu a kan abin da ya faru a fadar Aso Rock, inda muryarsa ba ta kaiwa, amma sakatariyar da ke bayan gidan ubansa bai taɓa leƙa ta ba. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Saboda haka ina gabatar wa wannan taro shawara, in an amince a sa ta cikin ƙudurorin bana. A kafa kwamiti na mutum biyar, a tabbatar an haɗa magoya bayan jam'iyyu daban-daban a ciki da gangan, domin kada a ce wani ɓangare ne ke farautar wani. Aikinsu shi ne su tattaro abin da ƙaramar hukumarmu ta samu wata-wata tun daga Yunin 2023, su jera shi kusa da ayyukan da ido ke gani. Su rubuta wa Shugaban ƙaramar hukuma takarda cikin ladabi suna neman kasafin kuɗi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman irin wannan bayani, lauyoyinmu sun san yadda ake bi. Ba faɗa za mu je yi ba, mai yiwuwa ma mu tarar shi kansa Shugaban kuɗin ba sa isowa hannunsa cikakku, to a nan sai mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ta gaba.

Waɗanda suka dakatar da kuɗin wata kuwa, ina roƙonku ku ga ma'aji kafin ku kama hanya gobe, domin ɗaliban da ƙungiya ke biya wa kuɗin jarrabawar WAEC da NECO ba su san jam'iyyar kowa ba, kuma lokacin rajista ba ya jira. Kwamitin kuma ina so ya miƙa rahotonsa na farko ga Mai girma Hakimi da shugabannin rassa kafin Babbar Sallah, a buga shi a mujallar baɗi.