Ruwan Gishiri Ba Ya Wanke Ciki

 

Da yawa cikinmu ba su manta da asubahin Juma'a, 8 ga Agusta 2014 ba. Ba a cika mako uku da saukar Patrick Sawyer a Legas ɗauke da cutar Ebola ba, sai saƙo ya karaɗe wayoyi cewa kowa ya tashi ya yi wanka da ruwan zafi da gishiri, ya kuma sha. Sai da ministan lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ƙaryata batun, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biyu sun mutu sanadin shan ruwan gishirin. Ita cutar da ake gudu, Legas da Fatakwal kawai ta tsaya. Yau wannan jita-jita ta sake dawowa da sabuwar riga. A Facebook da TikTok ana koya wa mutane su narka cokalin shayi biyu na gishiri a lita guda, su shanye da sassafe kafin karyawa, wai don wankin ciki da fitar da guba. Abin da na zo faɗa shi ne, wannan ruwa ba ya fitar da gubar komai; shi kansa ne nauyin da jiki zai sha wahalar saukewa.

Aikin tace jini Allah Ya ɗora shi a kan hanta da ƙoda, kuma dare da rana suke yinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, alhali cokali biyun nan sun haura giram 10, a zama ɗaya, ban da na miya da dunƙulen magi. Idan gishiri ya yi yawa a jini, sai ya janyo ruwa daga ƙwayoyin halittar jiki, har da na ƙwaƙwalwa. Daga nan ne ƙishirwa mai tsanani, amai, ruɗewa da jijjiga ke biyowa. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mace mai juna biyu, tsoho da ƙaramin yaro, su ne ke kan gaba wajen haɗari.

Wani zai ce ai ya sha, ya yi ta zagayawa, ya ji wasai. Ban ƙaryata abin da ya ji ba, fassararsa ce nake ja da ita. Gishirin da ya taru a hanji ruwan jikin mutum yake zuƙowa, sai ya fita a matsayin zawo. Abin da ya zuba ruwansa ne da abincin jiya, kuma sauƙin da ya ji na cikin da ya zama fayau ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa likitoci da kansu ke ba mai gudawa ruwan gishiri da sukari, kuma ƙarin ruwan asibiti ma da gishiri a ciki. Gaskiya ne, wannan haɗi ya ceci yara masu ɗimbin yawa, kuma ba na so kowa ya ji tsoronsa. Amma a dubi awon: rabin cokalin shayi na gishiri da cokalin shayi shida na sukari a lita guda, wato kashi ɗaya cikin huɗu na gishirin masu wankin ciki. Sukarin kuma shi ke taimaka wa hanji ya tsotse gishirin tare da ruwa. Wannan mayar wa jiki abin da ya rasa yake yi, wancan kuwa raba shi da ruwansa yake yi da gangan.

Mu a Arewa muna da shaida ta kusa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan masu jego da ke zuwa da kumburi da gazawar zuciya, suka kuma alaƙanta hakan da yawan shan kunun kanwa haɗe da zafin wankan jego. Sinadarin da ke cikin kanwa mai tara ruwa a jiki, wato sodiyam, shi ne dai a cikin gishirin girki. Duk wanda cikinsa ya ƙi sakin bayan gida, ruwa mai yawa, zogale, alayyahu da gwanda sun fi masa ruwan gishiri. Idan abin ya ɗauki kwanaki ko ya ga jini, cibiyar lafiya ta unguwa ce wurin zuwa, a auna masa jini kafin ya sha komai.