Ma'aikacin Laburare da Kafofin Sada Zumunta

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



Godiya ta tabbata ga Allah da ya sake tara mu cikin ƙoshin lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamanmu da abokan karatunmu, Allah ya jiƙansu da rahama. Kwamitin shirya wannan taro ya umarce ni in yi bayani a kan sana'ata, wato aikin laburare, musamman yadda mu ma'aikatanta muke koyon aiki da kafofin sada zumunta na zamani. Yin jawabi a gaban waɗanda suka koya wa mutum riƙon alƙalami abu ne mai nauyi, amma umarni ya fi ƙarfin kunya.

Bari in fara da yadda muka sami aikin. A shekarar 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe sashen koyar da aikin laburare, kuma daga wannan sashe yawancin ma'aikatan Arewa na zamaninmu suka fito. Abin da aka koya mana shi ne mu karɓi littafi, mu shigar da shi rajista, mu ba shi lamba bisa tsari irin wanda Melvil Dewey ya fito da shi a Amurka a 1876, mu rubuta masa kati, mu jera shi a kan kanta. Wanda ya taɓa shiga Laburaren Kashim Ibrahim a wancan lokaci zai tuna da akwatunan katin nan masu ƙananan aljihuna. Duk wannan tsari an gina shi ne a kan cewa mai neman ilmi zai tako da ƙafarsa ya iske mu, mu kuwa muna zaune muna jiransa.

To, a shekarar 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya. Aka ƙirƙiro Facebook a 2004, YouTube a 2005, WhatsApp kuma a 2009. Kafin mu ankara, yaron da ke Wurma ko Kurfi, idan tambaya ta taso masa, wayarsa yake fara dubawa, ko ta yayansa. Da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke garin tun kafin nan, sai yankinmu ya cika da ɗalibai masu buƙatar littattafai da mujallu, waɗanda kusan kowannensu yana cikin wani zaure na WhatsApp. Masu karatu ba su ragu ba, wurin zamansu ne ya sauya. Hausawa kuwa sun ce idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Tambayar ita ce, yaya za a koya wa mutumin da ya shekara ashirin yana rubuta kati wannan sabon aiki? Ba mu kaɗai muka gamu da wannan matsala ba. A shekarar 2006 wata ma'aikaciyar laburaren jama'a na birnin Charlotte a Amurka, mai suna Helene Blowers, ta fito da wata dabara. Ta tsara ƙananan ayyuka guda 23, ta ce kowane ma'aikaci ya riƙa yin su da hannunsa, kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni: yau ka buɗe shafi da sunanka, gobe ka ɗora hoto, jibi ka nemo bidiyo, kuma kowane mataki ka rubuta abin da ka fahimta domin abokan aikinka su gani. Babu aji, babu jarrabawa. Dabarar ta karɓu har laburarori da yawa a ƙasashe daban-daban suka kwaikwaye ta. Ni a ganina asirin nasararta shi ne ta cire wa manya kunya. Babban ma'aikaci ba ya son ya nuna jahilcinsa a gaban yaransa, amma idan kowa ɗalibi ne, tambaya ba ta zama abin kunya ba.

Haka na ga abin yana tafiya a wurarenmu. Taron bita na kwana biyu a babban otal, a raba jaka da takardar shaida, ba ya mayar da mutum gwani. Wanda ya iya, za ka tarar ya koya ne a bakin aiki, sau da yawa daga hannun ƙaramin ma'aikaci ko ɗan bautar ƙasa. Na san dattijon da ya kusa ritaya wanda 'yarsa ce ta koya masa aika saƙon murya, ya wayi gari yana amsa tambayoyin ɗalibai da dare daga ɗakinsa. Gemu ba ya hana ilmi.

Me ake yi da waɗannan kafofi idan an iya? Na farko, sanarwa: sabon littafi ya iso, a ɗauki hoton bangonsa da shafin abubuwan da ke ciki a tura zauren ɗalibai. Na biyu, amsa tambaya: ɗalibar da ke rubuta kundin kammala karatu tana iya tambaya daga gida ko akwai littafi kaza, ba sai ta kashe kuɗin mota ta zo ta tarar an are shi ba. Na uku, koyarwa: ɗan gajeren bidiyo da Hausa, na minti biyu, a kan yadda ake neman mujallar ilmi a intanet. Amfanin wannan ya fito fili a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu daga watan Maris. Laburaren da yake da hanyar magana da masu karatunsa ya ci gaba da aiki, wanda ba shi da ita ya zama ɗaki kulle.

Akwai kuma na huɗu, wanda ya fi burge ni, wato karɓar ilmi daga hannun jama'a. A watan Janairu na 2008 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya ɗora tsofaffin hotuna wajen dubu uku a shafin Flickr, ya nemi mutane su faɗi abin da suka sani game da su. Sai ga jama'a suna gane wurare da mutanen da ma'aikata ba su san su ba, har aka gyara bayanan hotuna da dama. Ku duba mu nan: a zauren WhatsApp na ƙungiyarmu, sau nawa wani ya turo tsohon hoton aji, muka kwana muna gardama a kan wane ne na uku daga hagu? Wannan gardama tarihi ce, amma idan ba a rubuta ta ba, ranar da waya ta lalace shi ke nan.

Sai dai kada in nuna muku zuma in ɓoye harbi. Akwai matsalar wutar lantarki da tsadar data, waɗanda kowa ya sani. Akwai amanar mai karatu: abin da mutum ya ara ko ya tambaya sirrinsa ne, ba a baza shi a zaure. Akwai haƙƙin marubuci: ɗaukar hoton littafi sukutum a rarraba shi kyauta zalunci ne ga wanda ya sha wahalar rubuta shi. Sannan waɗannan kafofi ba mallakarmu ba ne. Daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, wadda yanzu ake kira X. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka yi watanni babu sabis. A wannan lokaci littafin da ke kan kanta shi kaɗai ya rage wa yaranmu. Don haka duk wanda ya ce muku waya ta maye gurbin laburare, ku tuna masa da waccan shekara.

Babban dalilin da ya sa nake ganin wajibi ne ma'aikacin laburare ya shiga waɗannan zauruka shi ne jita-jita. Da yawanmu muna tune da watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, da saƙo ya zagaya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, har aka yi asarar rayuka. A yanki irin namu, inda hankula ba a kwance suke ba, saƙon murya guda na ƙarya, ko tsohon hoto da aka ce na yau ne, yana iya watsa kasuwa ko ya hana manomi zuwa gona. Tambayoyin da aka horar da mu mu yi wa kowane littafi su ne maganin wannan: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, daga ina ya samo? Malamanmu na hadisi sun riga kowa sanin wannan, don ba su karɓar magana sai sun binciki waɗanda suka ruwaito ta. Idan muka koya wa ɗan aji uku yin waɗannan tambayoyi kafin ya tura saƙo gaba, mun yi masa gatan da zai amfane shi har tsufansa.

Saboda haka ina da roƙo guda uku ga wannan ƙungiya. Na ɗaya, mu ɗauki nauyin horar da malamin da ke kula da laburaren makarantarmu, ta hanyar haɗa shi da ma'aikatan laburaren manyan makarantun da ke Dutsin-Ma, ya riƙa koyo mataki-mataki. Ni na ɗauki alkawarin tsara masa ayyukan da bibiyarsa ba tare da an biya ni ko kwabo ba. Na biyu, mu sa wa ɗakin ƙaramar sola da kwamfuta ɗaya, mu kuma ci gaba da sayen littattafai na takarda, har da irin su Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, waɗanda suka sa da yawanmu son karatu. Na uku, mu naɗa mutum biyu su tattara hotuna da labaran da ke yawo a zaurenmu, da sunaye da shekaru, a buga su a ajiye kwafi a laburaren makaranta, tun malamanmu da za su tabbatar mana da gaskiyarsu suna raye.

Shugaban taro, a nan zan dakata. Ina roƙon a saka waɗannan shawarwari cikin abubuwan da za a tattauna kafin mu tashi.