Ƙofar Makaranta da Bashin Rigakafi

 Lokacin da aka ɗiba mini kaɗan ne, kuma galibinku kun san abin da na daɗe ina faɗa a ɗakunan taro na Dutse har wasu suka fara kiran sa waƙata, saboda haka ku gafarce ni in na tsallake jerin gaisuwa na shiga magana.

Da'awata ɗaya ce, watau cewa akwai bashin rigakafi da ƙasar Birnin Kudu da ƙasar Gwaram suka ci a kan 'ya'yansu shekaru goma da suka wuce, kuma tun da yaran da ake magana a kansu sun riga sun wuce shekarun da uwa take goya su zuwa awo, babu wani wuri da ya rage wanda za a same su a tare, a san sunayensu da na iyayensu, a biya su wannan bashi, face ƙofar makaranta. To amma wannan ƙofa, maimakon mu tsare ta, mun mai da ita wurin karɓar takarda. Kowane uba a cikin ɗakin nan wanda ya taɓa kai ɗansa makarantar kwana ya san takardar da nake nufi: ana kiranta shaidar lafiya, ana biyan kuɗinta a taga, a buga mata hatimi, a rubuta cewa yaro lafiyarsa ƙalau, alhali kuwa sau da yawa wanda ya sa hannu bai ɗaga fatar idon yaron ba, bai saurari ƙirjinsa ba, balle ya tambayi katin rigakafinsa. Shugaban makaranta ya karɓa ya jefa cikin fayil, kowa ya sauke nauyi a zahiri, amana kuwa tana nan ba a sauke ta ba, ga shi manufar ƙasa kan lafiyar makarantu, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar tun 2006, ta tanadi duba yara sa'ad da za su shiga da kuma lokaci-lokaci bayan sun shiga.

Bari in kawo hujjata, kuma ina roƙon ku yi haƙuri in daɗe a kanta, domin a kanta sauran maganar take tsaye. A 2016 zuwa 2017 an yi babban binciken gida-gida a duk faɗin Nijeriya, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka shiga gidaje, aka nemi yaran da ke tsakanin wata 12 da wata 23, aka duba katinsu, inda babu kati aka tambayi uwa. Ma'aunin da aka fi dogara da shi ita ce allura ta uku ta Penta, wadda ake yi a mako na 14, mai kare yaro daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora da ciwon hanta. Abin da ya fito shi ne a ƙasa baki ɗaya yaro 33 ne cikin 100 ya sami wannan allura, a Jihar Jigawa kuwa 7 ne kacal cikin 100. Wannan sakamako shi ya sa hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci kan rigakafin yau da kullum a 2017. Da aka sake irin wannan bincike a 2021, ƙasa ta kai 57, Jigawa ta haura zuwa 49, kuma lalle wannan ci gaba ne wanda ya cancanci yabo, na kuma yaba wa masu yin allura da ungozomomi da masu unguwanni da suka yi wahalarsa.

Amma fa a nan ne saɓanina da abokan aikina yake. Duk sa'ad da aka zo taro sai a nuna mana 7 ta zama 49, a tafa, a ce an ci nasara, kamar dai yaran da aka ƙidaya a 2016 su ne aka sake ƙidayawa a 2021. Ba su ba ne. Waɗanda aka ƙidaya a 2021 ƙannensu ne. Su waɗancan na farko, waɗanda aka haifa tsakanin 2014 da 2016, da yayyensu da suka riga su a shekarun da al'amarin bai fi haka kyau ba, babu wanda ya koma ya cike musu Penta ɗinsu, domin jadawalin yau da kullum yana rufewa ne a allurar ƙyanda ta biyu a wata na 15, kuma ma'aikacin da ke zaune a ƙaramin asibitin Sundimina ko na Basirka ba a ba shi umarni ko kayan aikin da zai yi wa ɗan shekara tara allurar da ta wuce shi yana jariri ba. Yaran nan ba su ɓace ba. Yau suna ajin ƙarshe na firamare ko farkon ƙaramar sakandare, suna zaune kafaɗa da kafaɗa, su sittin ko tamanin a aji ɗaya, kuma idan muka ɗauki ƙididdigar nan a kan fuskarta, a cikin kowane goma daga cikinsu tara ba su kammala allurar mashaƙo ba. Ko da an ce binciken ya yi tsauri, ko da an ninka bakwai ɗin nan sau uku saboda katunan da suka ɓata da iyaye matan da suka manta, har yanzu mafi rinjayen ajin a buɗe suke. Ita kanta 49 ɗin da ake taƙama da ita, ma'anarta rabin yaran da ke shiga aji ɗaya na firamare a 'yan shekarun nan ba su kammala ba.

Wanda yake zaton wannan lissafin takarda ne, to mashaƙo ya riga ya ba shi amsa. Tun daga ƙarshen 2022 annobarsa ta ɓarke, Kano ta zama cibiyarta, ta watsu zuwa Yobe da Bauchi da Katsina da Borno da mu nan Jigawa, kuma rahotannin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa sun nuna mafi yawan waɗanda aka tabbatar sun kamu 'yan shekara 1 zuwa 14 ne, waɗanda suka kammala allurarsu a cikinsu kuwa ba su kai rubu'i ba. Cutar da likitoci da yawa na zamaninmu suka gama karatu ba su taɓa ganin farar fatar nan da take shimfiɗawa a maƙogwaro ba sai a littafi, ga ta ta dawo tana shaƙe yaran makaranta, kuma ta zaɓi daidai tsaran da binciken 2016 ya nuna mana da yatsa. Mu da muke kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, Gwaram kuma tana iyaka da Bauchi, kasuwar Sara tana tara mutanen jihohi biyu, ba mu da wani shinge tsakaninmu da ita.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa wa iyaye ba: ƙarfin allurar mashaƙo da sarƙewar haƙora yana raguwa da shekaru, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ƙara wa yaro allurar tunatarwa sau uku bayan na jarirantaka, ɗaya a shekararsa ta biyu, ɗaya tsakanin shekara 4 da 7, ɗaya tsakanin 9 da 15. Ku dubi shekarun nan biyu na ƙarshe, ku gaya mini in ba su ne shekarun shiga firamare da shiga sakandare ba.

Sanƙarau kuma kun san halinsa a ɗakin kwanan ɗalibai idan hunturu ya juya bazara ta kama. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2011 ta karya nau'in A, sai nau'in C ya maye gurbinsa, ya kashe sama da mutum dubu a 2017, galibi a Zamfara da Sakkwato da Katsina, ya kuma shiga makarantun kwana na Yobe a farkon 2024. A shekarar ta 2024 ce Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar, kuma Jigawa tana cikin jihohin da aka fara kai ta. Birnin Kudu, garin da yake da tsohuwar Kwalejin Gwamnati da makarantar koyon aikin jinya da asibitin tarayya, bai kamata ya jira gawa ta farko kafin ya tambayi ɗaliban kwana ko an yi musu ita ba.

Dubawar lafiyar yaran kanta ba ta buƙatar wani babban likita. Allon haruffa a bango ya isa a gane yaron da malami yake duka a kan daƙiƙanci alhali allo ne ba ya gani. A leƙa kunne, a duba ƙazwa da makero, a auna tsawo da nauyi, a tambayi yaran bakin kogi ko suna fitsarin jini, gama tsargiya tana da magani mai araha, a kuma san mai amosanin jini tun kafin a sa shi gudu a rana. Sa'an nan a buɗe kati.

Na san abin da ake cewa. Jami'an ilimi suna cewa allura aikin ma'aikatar lafiya ce, jami'an lafiya suna cewa makaranta ba hurumunsu ba ce, kuma wannan jayayya ba ta cancanci amsa ba, takarda ɗaya mai sa hannun kwamishinoni biyu ta isa ta kashe ta. Wasu suna cewa neman kati zai kori yara daga makaranta a jihar da dama take roƙon iyaye su kawo su. Ni ban taɓa cewa a kori yaro ba, cewa na yi wanda ba shi da kati a yi masa allura a nan take da yardar mahaifinsa, a yanka masa sabo. Masu ƙaunar gangamin bi-gida-gida kuwa, waɗanda suka saba da alawus ɗinsa tun zamanin shan inna, ina tuna musu cewa ɗigon baki kowa yana iya ɗiga shi, allura kuwa sai wanda ya koya, kuma yaron da ake nema da hantsi ba ya gida.

Batun tsoron iyaye ba zan maimaita muku labarin gwajin maganin Pfizer a Kano a 1996 ba, ko ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, kun fi ni sani. Abin da na lura da shi kawai shi ne ban taɓa jin maniyyacin da ya fasa aikin Hajji don hukumomin Saudiyya sun wajabta allurar sanƙarau ba. Dattijon da yake gardama a zaurensa shi ne yake naɗe hannun riga a sansanin alhazai ba tare da ya nemi fatawa ba. Malamanmu da ke nan sun san kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, sun san Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham sa'ad da ya sami labarin annoba a gabansa, bai ɗauki riƙo da sababi a matsayin saɓa wa tawakkali ba, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya wallafa littattafai a kan magani. Matsalar ba ta aƙida ba ce, ta rashin wanda zai zauna ya yi bayani ce.

Manya ma ba su tsira ba. Mace tana buƙatar allurar sarƙewar haƙora sau biyar domin ta kare kanta da jariran da za ta haifa, amma da yawa a biyu suke tsayawa, na lokacin awon ciki. Da an fara wa 'yan mata tun suna sakandare, tare da allurar kansar bakin mahaifa da aka shigo da ita a Oktoban 2023 ga 'yan shekara 9 zuwa 14, da yawancinsu sun shiga ɗakin aure da kariya. Ɗaliban jinya da suke riƙe allura da jinin mutane kullum, wajibi ne a yi musu ta ciwon hanta sau uku kafin su taka ɗakin marasa lafiya, malaman makarantun kwana da masu dafa abinci su ma a duba su.

Abin da nake nema ga shi. A soke shaidar lafiyar da ake sayowa a taga, a maye gurbinta da ranar dubawa a harabar makaranta cikin makonni huɗu na farkon zango, ma'aikatan asibitin mazaɓa su zo da akwatin sanyi, ɗaliban jinya na shekarar ƙarshe su dafa musu a matsayin wani ɓangare na horonsu. Kowace makaranta ta riƙe rajista guda, sunan yaro da abin da aka yi masa da abin da ya rage, ta bi shi daga firamare zuwa sakandare. Makarantun allo da na Islamiyya su shiga tun ranar farko, ba a ƙarshe ba kamar yadda aka saba, domin almajirin da aka kawo daga wani gari ba shi da uwa kusa da za ta tuna katinsa, alarammansa ne waliyyinsa, kuma ta hannun hakimi da dagaci za a same shi, ba ta hannun wani bature mai mota ba. Kuɗin mai da na takardu ƙananan hukumomin biyu su ɗauka daga aljihunsu, kada a jira masu ba da agaji, gama abin da baƙo ya kafa yana tashi ranar da baƙo ya tafi. Shugabannin ƙananan hukumomin suna nan a zaune, sakatarorin ilimi ma na gan su. Zango mai zuwa ya isa a fara da makarantun kwana da azuzuwan farko na firamare.